Wa'adin yanke haɗin rumbun bayanai idan ba a aiki

Wa'adin yanke haɗi idan ba a aiki wani saiti ne a manhajojin rumbun bayanai, wanda ke ƙayyade tsawon lokacin da za a bar haɗi tsakanin sabar da manhajar da ke amfani da ita a buɗe alhali babu umarnin da ke wucewa. Da zarar wa'adin ya cika, sabar takan rufe haɗin, ta soke duk aikin da aka fara ba a kammala ba, sannan ta saki ƙwaƙwalwa da kulle-kullen da haɗin ya riƙe. Masu kula da rumbun bayanai suna amfani da shi don tsimin albarkatun kwamfuta, da hana wani mai amfani ya tare wa sauran hanya, da kuma tsaron bayanai. Ana samun saitin a MySQL, MariaDB, PostgreSQL, Oracle Database da Redis, sai dai kowannensu da sunan da ya ba shi, da ma'aunin lokacinsa, da kuma ƙimar da yake zuwa da ita.

## Ma'ana

Kafin wata manhaja ta karanta ko ta rubuta bayanai a rumbu, sai ta buɗe haɗi da sabar, galibi ta ƙa'idar sadarwa ta TCP, ta gabatar da suna da kalmar sirri. Idan sabar ta amince, sai a buɗe mata abin da ake kira zama. Zama ya ƙunshi duk abin da sabar ke riƙe game da wannan mai amfanin: ko shi wane ne, izinin da yake da shi, teburan wucin gadi da ya ƙirƙira, da aikin da yake tsakiyar yi.

Ana cewa zama ba ya aiki idan sabar ta gama amsa umarnin ƙarshe, tana jiran na gaba, bai zo ba. Wannan yanayi iri biyu ne. Na farko shi ne zaman da ya kammala komai, yana jira kawai. Na biyu shi ne zaman da ya buɗe ma'amala, wato jerin umarnin da dole su tabbata gaba ɗaya ko a soke su gaba ɗaya, sannan ya yi shiru bai tabbatar ba kuma bai soke ba. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu rumbuna suka ware masa wa'adi na daban.

Wannan wa'adi ya bambanta da wasu iyakokin lokaci da ake yawan rikita su da shi. Akwai wa'adin buɗe haɗi, wanda ke ƙayyade tsawon jiran da manhaja za ta yi kafin sabar ta amsa mata tun farko. Akwai wa'adin umarni, wanda ke katse tambayar da ta daɗe tana gudana. Akwai kuma iyakar rayuwar haɗi, wadda ke rufe shi bayan wani lokaci ko yana aiki ko ba ya yi. Tambayar da ta ɗauki awa uku tana lissafi ba ta cikin zaman banza, don haka wa'adin da ake magana a kai ba ya taɓa ta.

## Dalilan saka wa'adi

### Tsimin albarkatu

Kowace sabar tana da iyakar haɗin da za ta karɓa a lokaci guda. A saitin asali, MySQL yana karɓar 151, PostgreSQL kuma 100. A PostgreSQL kowane haɗi yana da nasa aikin daban a cikin babbar manhajar kwamfuta, yana kuma cin ƙwaƙwalwa ko da bai yi komai ba. Idan wata manhaja tana buɗe haɗi tana mantawa da rufe shi, adadin yakan riƙa hauhawa har gurbi ya ƙare. A wannan lokaci MySQL yakan mayar da kuskure mai lamba 1040, ma'ana haɗi sun yi yawa, kuma duk wanda ya zo daga baya ba zai samu shiga ba, ko da kuwa mafi yawan waɗanda ke ciki barci suke yi.

### Kulle-kulle da ma'amalar da aka bari a buɗe

Misali, ma'aikacin banki ya buɗe ma'amala don cire naira 5,000 daga wani asusu zuwa wani. Ya aika umarnin cirewa, bai aika na tabbatarwa ba, sai aka kira shi ya tashi. Rumbun ya riga ya kulle layin wannan asusu, don kada wani ya sauya shi kafin aikin ya kammala. Duk wata manhaja da ke son taɓa asusun sai ta tsaya jira. Masu jiran su ma suna riƙe da nasu haɗin, wani lokaci da nasu kulle-kullen, ta haka mutum ɗaya da ya bar kujerarsa yana iya tsayar da aikin ɗaruruwan mutane.

A PostgreSQL akwai ƙarin illa. Rumbun ba ya goge tsohon kwafin layi nan take idan an sauya shi. Wani aikin shara mai suna VACUUM ne ke zuwa daga baya ya kwashe. Amma VACUUM ba ya iya kwashe kwafin da wata tsohuwar ma'amala za ta iya buƙatar gani. Ma'amalar da aka bari a buɗe kwana da kwanaki takan hana sharar, tebura su kumbura, tambayoyi su yi nauyi.

### Tsaro

Zaman da aka bari a buɗe a kan kwamfutar da ba kowa a gabanta ƙofa ce ga duk wanda ya zo wucewa, domin ba zai buƙaci kalmar sirri ba. Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin katin banki suka gindaya wa duk mai sarrafa bayanan kati a ko'ina a duniya, ta ce idan zaman mai amfani ya wuce minti 15 ba aiki, dole a sake tantance shi. Wannan shi ne sharaɗi na 8.1.8 a bugu na 3.2.1, kuma na 8.2.8 a bugu na 4.0. A Amurka, ƙa'idar tsaro ta dokar HIPAA ta ambaci fitar da mai amfani kai tsaye bayan wani lokaci na rashin aiki a cikin matakan kare bayanan marasa lafiya. Kundin NIST SP 800-53 shi ma ya tanadi ƙarewar zama a sashen AC-12 da yanke haɗin sadarwa a sashen SC-10.

## Yadda ake saita shi a manyan rumbuna

### MySQL da MariaDB

MySQL yana da saiti biyu, `wait_timeout` da `interactive_timeout`, kuma dukkansu ana auna su da daƙiƙa. Ƙimarsu ta asali 28,800 ce, wato awa 8. Na farkon ya shafi haɗin manhajoji, na biyun kuma haɗin da ya bayyana kansa a matsayin na ɗan Adam da ke rubuta umarni da hannu. Lokacin da aka buɗe zama, sabar takan duba irinsa, ta kwafi ɗaya daga cikin ƙimomin biyu ta zama wa'adin wannan zaman. Wannan tsari yakan rikita masu kula da rumbu: mutum zai sauya `wait_timeout`, ya shiga ta manhajar rubuta umarni ya duba, ya ga tsohuwar lamba, alhali abin da yake gani ƙimar `interactive_timeout` ce aka kwafa masa.

Ana rage wa'adin zuwa minti 10 da umarnin:

`SET GLOBAL wait_timeout = 600;`

Sauyin ya shafi sababbin haɗi ne kawai, kuma yakan ɓace idan aka sake kunna sabar, sai dai in an rubuta shi a fayil ɗin saiti ko an yi amfani da `SET PERSIST` da ya zo a MySQL 8.0. Umarnin `SHOW PROCESSLIST` yana nuna haɗin da ke zaune da alamar `Sleep` tare da daƙiƙun da suka yi a haka. Manhajar da aka yanke wa haɗi takan gamu da kuskure mai lamba 2006 ko 2013 idan ta aika umarni na gaba. Daga bugu na 8.0.24, wanda ya fito a 2021, sabar takan aika saƙo mai lamba 4031 da ke bayyana ƙarara cewa rashin aiki ne ya jawo yankewar.

MariaDB ya gaji waɗannan saituna biyu, sannan a bugu na 10.3 ya ƙara `idle_transaction_timeout` da wasu biyu da ke bambance ma'amalar karatu kawai da ma'amalar rubutu. Ƙimarsu ta asali sifili ce, ma'ana a kashe suke.

### PostgreSQL

Shekaru da dama PostgreSQL bai da irin wannan wa'adi. Masu kula da shi sukan rubuta ƙaramin shiri da ke duba jadawalin `pg_stat_activity` lokaci-lokaci, ya nemo zaman da suka daɗe, ya rufe su da `pg_terminate_backend`. Bugu na 9.6, a 2016, ya kawo `idle_in_transaction_session_timeout` don zaman da ya yi shiru a tsakiyar ma'amala. Bugu na 14, a 2021, ya ƙara `idle_session_timeout` don zaman da ba ya cikin ma'amala. Bugu na 17, a 2024, ya kawo `transaction_timeout`, wanda ke iyakance tsawon ma'amala gaba ɗaya ko tana aiki ko ba ta yi.

Duka ukun a kashe suke zuwa. Idan aka rubuta lamba ba tare da ma'auni ba, rumbun yakan ɗauke ta a matsayin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ana iya saita su ga sabar baki ɗaya, ko ga rumbu guda, ko ga wani asusun shiga:

`ALTER ROLE manazarta SET idle_session_timeout = '15min';`

Littafin jagorar PostgreSQL ya yi gargaɗi game da ɗora `idle_session_timeout` a kan haɗin da ke bi ta ma'ajin haɗi, domin irin waɗannan manhajoji ba lallai su iya jure rufewar ba-zata ba. Ya ba da shawarar a taƙaita shi ga zaman mutane. Jagorar ta kuma nuna cewa zaman da ba ya cikin ma'amala ba ya ɗora wa sabar nauyi mai yawa, don haka buƙatar wannan saiti ba ta kai ta na ma'amala ba.

### Oracle Database

A Oracle ana saka wa'adin ne a cikin kundin iyakoki da ake liƙa wa masu amfani, kuma ana auna shi da minti:

`CREATE PROFILE ma_aikata LIMIT IDLE_TIME 30;`

Iyakar ba ta aiki sai saitin `RESOURCE_LIMIT` yana kunne. A tsofaffin bugu a kashe yake zuwa, abin da ya sa mutane da yawa suka saka wa'adi suka ga bai yi komai ba. Kundin asali da kowane sabon asusu ke samu ba shi da iyaka. Idan wa'adin ya cika, Oracle yakan soke ma'amalar da ke buɗe, ya sa wa zaman alamar `SNIPED` a jadawalin `V$SESSION`, kuma mai amfanin yakan ga kuskure ORA-02396 idan ya dawo. Sabar ba ta duba agogo kowace daƙiƙa, saboda haka zama yakan ɗan zarce wa'adinsa kafin a yanke shi. Bugu na 12.2 ya ƙara `MAX_IDLE_TIME`, daga baya kuma aka samu `MAX_IDLE_BLOCKER_TIME`, wanda ke yanke zaman banza ne kawai idan yana tare wa wani hanya.

### SQL Server da sauransu

Microsoft SQL Server ba shi da saitin da ke rufe zama saboda rashin aiki. Masu kula da shi sukan tsara aiki a SQL Server Agent da zai duba lokacin umarnin ƙarshe a `sys.dm_exec_sessions`, ya rufe waɗanda suka daɗe da umarnin `KILL`. Redis yana da saiti mai suna `timeout` da ake aunawa da daƙiƙa, ƙimarsa ta asali sifili. A MongoDB, zaman da ba a taɓa ba yakan ƙare bayan minti 30, alamar bin sakamakon tambaya kuma bayan minti 10.

| Rumbu | Saiti | Ma'auni | Ƙimar asali |
|---|---|---|---|
| MySQL | `wait_timeout` | daƙiƙa | 28,800 |
| PostgreSQL | `idle_session_timeout` | milisakan | 0 |
| PostgreSQL | `idle_in_transaction_session_timeout` | milisakan | 0 |
| Oracle | `IDLE_TIME` | minti | babu iyaka |
| Redis | `timeout` | daƙiƙa | 0 |

Bambancin ma'auni yana daga cikin tushen kurakurai. Lamba 30 tana nufin rabin awa a Oracle, rabin minti a MySQL, a PostgreSQL kuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba.

## Alaƙarsa da ma'ajin haɗi

Buɗe haɗi yana cin lokaci, domin sai an yi musayar saƙonnin TCP, an kafa ɓoye bayanai, an tantance mai shiga. Saboda haka yawancin manhajojin shafukan intanet suna amfani da ma'ajin haɗi: sukan buɗe haɗi da dama tun farko su ajiye, kowace buƙata ta ari ɗaya ta mayar idan ta gama. Haɗin da ke cikin ma'aji da gangan aka bar shi a zaune, amma a wurin sabar ba shi da bambanci da wanda aka manta.

Daga nan ne wata sananniyar matsala ta MySQL ta samo asali. Shafi yakan yi aiki lafiya yini guda, da dare baƙi su ɗauke ƙafa, haɗin da ke ma'aji su yi awa 8 ba a taɓa su ba, sabar ta rufe su. Da safe ma'ajin ya miƙa wa buƙatar farko haɗin da ya riga ya mutu, sai baƙon farko ya ga saƙon kuskure.

Maganin da aka saba shi ne ma'ajin ya riga sabar rufewa. HikariCP, ma'ajin da ake yawan amfani da shi a harshen Java, yana sallamar haɗin da ya yi minti 10 ba aiki idan adadinsu ya haura mafi ƙarancin da aka ce ya riƙe, yana kuma sauya kowane haɗi bayan minti 30. Jagorarsa ta ce a sa wannan iyaka ta gaza ta rumbu ko ta hanyar sadarwa da wasu daƙiƙu. SQLAlchemy na harshen Python yana da `pool_recycle` don sabunta tsofaffin haɗi, da `pool_pre_ping` don gwada haɗi kafin a ba da shi. PgBouncer, wanda ke tsayawa tsakanin manhajoji da PostgreSQL, yana rufe haɗinsa da sabar idan ya yi daƙiƙa 600 ba a yi amfani da shi ba. Ma'ajin ADO.NET na Microsoft yakan cire haɗin da ya zauna kimanin minti 4 zuwa 8.

## Na'urorin da ke tsakani

Ba sabar kaɗai ke yanke haɗi ba. Katangun tsaro, da na'urorin raba lodi, da na'urorin fassara adireshi na NAT duk suna riƙe jerin haɗin da ke bi ta cikinsu, kuma sukan share wanda ya daɗe shiru. Ƙofar NAT ta Amazon Web Services tana yin haka bayan daƙiƙa 350, na'urar raba lodi ta Microsoft Azure kuma bayan minti 4 a saitin asali. Wasu na'urorin ba sa sanar da kowa idan sun share. Sabar tana ganin haɗin yana nan, manhajar ma haka, sai an aika umarni ya maƙale a hanya. Irin wannan yakan fi wahalar ganowa fiye da yankewar da sabar ta yi da kanta, domin babu abin da aka rubuta a kundin tarihin rumbun.

Akwai kuma mataccen haɗi, wanda ke faruwa idan wuta ta ɗauke a kwamfutar mai amfani ko layin sadarwa ya katse kafin a yi sallama. An fi gamuwa da shi a inda lantarki ko intanet ba su da tabbas. TCP yana da ɗan saƙon bincike da ake aikawa lokaci-lokaci don a ji ko ɗaya ɓangaren yana raye. Takardar RFC 1122 ta 1989 ta ce tazarar asali ta wannan saƙo kada ta gaza awa 2. Linux yana jiran daƙiƙa 7,200, sannan ya aika saƙo 9 da tazarar daƙiƙa 75, wato sai bayan awa 2 da minti 11 ake tabbatar da mutuwar haɗi. Shi ya sa PostgreSQL ya tanadi `tcp_keepalives_idle`, Oracle kuma `SQLNET.EXPIRE_TIME`, don a rage tazarar. Saƙon binciken yana hana na'urorin tsakani share haɗi, amma ba a lissafa shi a matsayin umarni, don haka ba ya mayar da agogon wa'adin rumbu baya.

## Zaɓen ƙima

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane tsari. Abin da aka saba shi ne a raba masu shiga gida-gida. Asusun mutane, irin su manazarta da masu kula da rumbu, akan ba su gajeren wa'adi da ya dace da ƙa'idar tsaron da ma'aikatar ke bi. Asusun manhajoji masu ma'ajin haɗi akan ba su dogo, ko a bar wa ma'ajin ya kula da kansa. Wa'adin ma'amalar da aka bari a buɗe kuwa akan sa shi gajere ga kowa, domin manhajar da aka rubuta da kyau ba ta da dalilin riƙe kulle na mintuna alhali ba ta aiki. Akan kuma jera iyakokin ta yadda na ma'aji zai fi kowanne gajarta, sannan na na'urorin tsakani da na sabar su biyo baya. Kafin a rage ƙima, akan ɗauki kwanaki ana lura da tsawon zaman da haɗi ke yi, musamman da dare da ranakun hutu.

## Illoli da iyakoki

Wa'adin da ya yi gajarta da yawa yana da nasa lahani. Rufe zama yana tafiya da teburan wucin gadi, da umarnin da aka tanada, da duk aikin da ba a tabbatar ba. Shirin da ke karanto bayanai, ya yi dogon lissafi a wajen rumbu, sannan ya dawo ya rubuta sakamako, yana iya tarar da an rufe masa ƙofa. Manhajar da ke sauraron sanarwa ta umarnin `LISTEN` a PostgreSQL aikinta ke nan ta zauna shiru, don haka sai an keɓe ta. Yawan rufewa da sake buɗewa shi ma yana ƙara wa sabar nauyi.

Ta fuskar tsaro, a MySQL da PostgreSQL mai amfani yana iya sauya wa'adin zamansa da kansa, saɓanin kundin iyakoki na Oracle wanda sai mai izini ke taɓawa. Wasu manhajojin tebur kuma suna aika ƙaramar tambaya a kai a kai don kada a yanke su, ko su sake haɗawa da kalmar sirrin da suka adana ba tare da sun tambayi kowa ba. A irin wannan hali wa'adin bai hana baƙo amfani da kwamfutar da aka bari ba, sai an haɗa shi da kulle allo. Haka nan idan manhaja tana zubar da haɗi saboda kuskuren rubutu, wa'adin yana rage ɓarnar ne kawai. Gyaran yana cikin manhajar.

## Duba kuma

- Rumbun bayanai
- SQL
- Tsaron bayanai
- Ƙa'idar sadarwa ta TCP